BABI NA UKU: DAGA RAMUKAN KUZA ZUWA FALLE ƊAYA, TARIHIN ƘARFEN NIYOBIYAM DA ƁACEWAR TIRJIYAR LANTARKI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin tarihin wani reshe na kimiyyar fiziya wanda yake nazarin halin da wasu abubuwa suke shiga idan aka sanyaya su matuƙar sanyi, musamman waɗanda aka ɓare har kaurinsu ya koma na ƙwayar zarra ɗaya ko 'yan kaɗan. Halaye biyu ne za a mayar da hankali a kansu. Na farko shi ne ɓacewar tirjiyar lantarki, wato yanayin da wutar lantarki take gudana a cikin abu ba tare da wani cikas ba. Na biyu kuwa shi ne maganaɗisu. A zahiri wannan fage yana kama da abin da ya shafi ɗakunan binciken Turai da Amurka kawai, to amma idan aka duba ƙarfen da aka gina mafi yawan wannan ilimi a kansa, wato niyobiyam, za a tarar cewa akwai lokacin da akasarin ma'adininsa daga Arewacin Nijeriya yake fita, kuma leburorin Arewa ne suke haƙo shi. Manufar babin ita ce ya jera waɗannan tarihohi biyu kafaɗa da kafaɗa, domin a ga yadda ƙasar da ta sayar da ma'adinin ta rabu da shi tun kafin a san iyakar darajarsa.

3.1 Ma'anar Matsanancin Sanyi da Tirjiya

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a fayyace kalmomi biyu. Masana fiziya suna auna sanyi da ma'aunin Kelbin, wanda sifilinsa ya yi daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, kuma babu wani sanyi da ya wuce wannan. Ruwa yana daskarewa a Kelbin 273. Sanyin asubahin hunturu da yake hana mutanen Katsina fita, wanda yakan sauko zuwa wajen digiri 12, ya yi daidai da Kelbin 285. Sanyin da ake magana a kansa a wannan babi kuwa bai wuce Kelbin 2 zuwa 20 ba a mafi yawan lokuta.

Ita kuwa tirjiya ita ce cikas ɗin da wutar lantarki take gamuwa da shi a cikin waya. Wutar lantarki ba komai ba ce illa tafiyar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektron, kuma a cikin tafiyar suna karo da zarrorin ƙarfen da suke ratsawa. Wannan karo ne yake sa waya ta yi zafi, shi ne kuma yake cinye wani kaso na wutar da ake turowa daga Kainji ko Shiroro kafin ta iso gidajen mutane.

3.2 Mafarin Ilimin, 1908 zuwa 1933

Tarihin ya faro ne daga birnin Leiden na ƙasar Holan. A ranar 10 ga Yuli, 1908, Heike Kamerlingh Onnes ya yi nasarar mayar da iskar hiliyam ruwa, kuma da wannan ruwa aka sami hanyar sanyaya abubuwa zuwa wajen Kelbin 4. A ranar 8 ga Afrilu, 1911, shi da mataimakansa suka tarar cewa tirjiyar zaiba tana ɓacewa farat ɗaya a wajen Kelbin 4.2. Ba a jima ba suka sami irin wannan hali a jikin darma a wajen Kelbin 7.2, da kuma kuza a wajen Kelbin 3.7. An ba Onnes kyautar Nobel a 1913.

Onnes ya yi fatan naɗa waya maras tirjiya domin ya ƙera maganaɗisun lantarki mai tsananin ƙarfi, sai dai burinsa bai cika ba. Dalili kuwa shi ne, da zarar ƙarfin maganaɗisu ya ɗan ƙaru, sai tirjiyar darma ta dawo, tun ƙarfin bai kai kashi ɗaya cikin goma na tesla ba. Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Daga nan aka fahimci cewa akwai gaba tsakanin maganaɗisu da ɓacewar tirjiya. A 1933 a birnin Balin, Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka ƙara tabbatar da wannan gaba, inda suka nuna da kuza da darma cewa ƙarfen da tirjiyarsa ta ɓace yana korar maganaɗisu daga cikinsa. Shekara uku kafin haka, wato a 1930, a ɗakin binciken Meissner ɗin ne aka gano cewa niyobiyam ma yana da wannan hali. Awon da aka tabbatar daga baya ya nuna tirjiyarsa tana ɓacewa a Kelbin 9.2, kuma babu wani tsantsar ƙarfe da ya fi shi a nan idan ba a matse shi da matsi na musamman ba.

3.3 Kuza da Kolambait a Arewacin Nijeriya

Shi wannan ƙarfe na niyobiyam, Charles Hatchett ne ya gano shi a Ingila a 1801 daga wani dutse da aka kawo daga Amurka, ya raɗa masa suna kolambiyam. Daga wannan suna ne aka sami kolambait, wato baƙin ma'adinin da ake fitar da ƙarfen daga cikinsa. A Arewacin Nijeriya kolambait da kuza 'yan ɗaki ɗaya ne, domin duwatsu iri ɗaya ne suka haife su, kuma a cikin yashin rafi ɗaya ake wanke su.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa sun san kuza. Maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, da na Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi, suna narka kuza su zuba ta siririya kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya tura George Nicolaus a 1902 domin ya nemo tushensu, binciken da ya kai Turawa ga kogin Dilimi da tsaunukan Filato. Zuwan kamfanoni ya kashe sana'ar maƙeran gida. Zuwa 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos da Bukur, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan.

Aikin kuza aiki ne na diga da shebur da kwano, saboda haka yana bukatar mutane da yawa. Dubban maza daga lardunan Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Barno suna zuwa cin rani bayan an kawar da amfanin gona, su sami kuɗin haraji da na aure, su koma gida kafin damina. Wasu kuwa suka zauna, kuma da su aka cika garuruwa irin su Jos da Bukur da Barikin Ladi. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas wanda talakawa suka sa wa suna diban gwamna. An ɗora wa sarakuna da hakimai da dagatai nauyin kawo adadin mutane, kuma tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi wajen mutum 100,000. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cututtuka sun hallaka da dama daga cikinsu. A 1943 kuzar da aka haƙo ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kai wa ba.

A shekarun farko ana ɗaukar kolambait a matsayin datti mai ɓata kuza, ana tsame shi a zubar. Abin lura a nan shi ne, da maganaɗisu ake raba su, domin maganaɗisu mai ƙarfi yana ɗan jan kolambait amma ba ya jan ma'adinin kuza. A farkon shekarun 1930 aka fara zuba niyobiyam a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa, sai dattin jiya ya zama haja. Kasuwarsa ta kai ƙololuwa a lokacin yaƙin Koriya, sa'ad da Amurka take bukatar ƙarfe mai jure zafi domin injinan jiragen yaƙi. A 1952 gwamnatin Amurka ta ninka farashin da take biya domin ta tara shi a rumbunta, kamfanoni suka koma suna tone tsofaffin juji da ruɓaɓɓun duwatsun da ke kewayen Jos da Bukur. A 1955 abin da Nijeriya ta fitar ya haura tan 3,000, kuma a waɗannan shekaru ita ce take samar da mafi yawan kolambait na duniya. A cikin shekarar ta 1955 Amurka ta dakatar da sayen, farashi ya faɗi, aka sallami leburori.

3.4 Haɗuwar Niyobiyam da Kuza a Ɗakin Bincike

A daidai lokacin da ake rububin kolambait a Filato, masana a ɗakin binciken Bell na Amurka suna gwada gauraya ƙarafa. A 1954 Bernd Matthias da abokan aikinsa suka haɗa niyobiyam da kuza, zarra uku ta niyobiyam ga zarra ɗaya ta kuza, suka tarar tirjiyar wannan haɗi tana ɓacewa a wajen Kelbin 18. Wato ƙarafa biyun da lebura yake wankewa a kwano ɗaya su ne suka ba da haɗin da ya fi kowane a wancan lokaci. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka bayyana sirrin al'amarin gaba ɗaya. A bayaninsu, idan sanyi ya tsananta elektron suna ƙulla kansu biyu-biyu, kuma dukkan waɗannan tagwaye suna tafiya da taki ɗaya, ta yadda ƙananan cikas ba sa iya karkatar da su. A shekarar ce kuma Alexei Abrikosov na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa akwai rukunin ƙarafa da suke barin maganaɗisu ya ratsa su ta wasu siraran kafofi ba tare da tirjiyarsu ta dawo ba. Niyobiyam da haɗe-haɗensa suna cikin wannan rukuni.

A 1961 John Kunzler, shi ma a ɗakin binciken Bell, ya nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza yana ɗaukar wuta mai yawa a cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 8.8, a 1962 kuma Ted Berlincourt da Richard Hake suka nuna amfanin haɗin niyobiyam da titaniyam, wanda ya fi sauƙin ja a yi waya. Da haka burin Onnes ya cika bayan kusan shekara hamsin. Da wayar niyobiyam da titaniyam ake naɗa maganaɗisun manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI, da ita kuma aka naɗa manyan maganaɗisu 1,232 na babbar na'urar karon ƙwayoyi ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, waɗanda ake sanyayawa zuwa Kelbin 1.9.

Sai dai lokacin da wannan amfani ya bayyana, kasuwar ta riga ta fara suɓuce wa Nijeriya. A 1953 an gano wani babban ma'adinin niyobiyam a Araxá ta ƙasar Birazil, aka kafa kamfanin CBMM a 1955, kuma daga farkon shekarun 1960 ya fara fitar da kaya. Bambancin da ke akwai shi ne, Birazil ba ta tsaya ga sayar da ɗanyen ma'adini ba, ta koyi sarrafa shi har zuwa tsantsar ƙarfe, kuma yanzu ita take samar da wajen kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya, wanda akasarinsa yake tafiya ga masana'antun ƙarfe. A Nijeriya kuwa, matatar da aka buɗe a Makeri kusa da Jos a farkon shekarun 1960 ta kuza ce, shi kolambait a buhu ya ci gaba da fita. An kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a Jos a 1972, amma hankalin gwamnati ya riga ya koma kan man fetur, kuma rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985 ta ƙarasa manyan kamfanonin.

3.5 Zamanin Falle Ɗaya

Akwai wasu abubuwa waɗanda zarrorinsu suke jere falle bisa falle kamar takardun littafi. Kowane falle yana da ƙwari, amma abin da ya riƙe shi da na kusa da shi ba shi da ƙarfi, saboda haka ana iya ɓare su. Haɗin niyobiyam da seleniyam, wanda ake rubutawa NbSe2, yana cikinsu. Kaurin fallensa ɗaya zarra uku ne, niyobiyam a tsakiya, seleniyam sama da ƙasa, kuma sai an jera falle fiye da 150,000 kafin su kai kaurin takardar rubutu ɗaya. Dunƙulensa yana rasa tirjiya a wajen Kelbin 7.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, shin falle ɗaya zai iya riƙe maganaɗisu ko ɓacewar tirjiya? A 1966 David Mermin da Herbert Wagner sun nuna da lissafi cewa a shimfiɗa maras kauri, idan 'yan ƙananan maganaɗisun zarrori suna da 'yancin fuskantar kowane ɓangare, to ko yaya ƙarancin zafi yake zai wargaza jerinsu. Daga baya Vadim Berezinskii a 1971, da Michael Kosterlitz da David Thouless a 1973, suka nuna cewa duk da haka akwai wani nau'in tsari da yake iya wanzuwa a shimfiɗa, wanda ya isa ya ba da damar ɓacewar tirjiya. A fagen gwaji kuwa, Robert Frindt na Jami'ar Simon Fraser da ke Kanada ya ɓare NbSe2 a 1972, ya nuna cewa gwargwadon raguwar kauri gwargwadon ƙaruwar sanyin da ake bukata.

Ƙofa ta buɗe sosai a 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka yi amfani da salatef suka ɓaro falle ɗaya daga girafait, wato sinadarin da ake yin bakin fensir da shi. Wannan falle shi ne girafin, kuma a kansa suka sami kyautar Nobel a 2010. A 2005 sun ɓaro falle ɗaya na NbSe2, amma iska tana lalata shi, don haka sai da aka koyi ɓare shi a cikin akwatin da babu iskar shaƙa, ko a rufe shi da wani falle mai kariya, sannan aka iya auna shi yadda ya kamata. Tsakanin 2015 da 2016 ƙungiyoyin masana a Manchester da Berkeley da Jami'ar Jihar Pennsylvania suka tabbatar cewa falle ɗaya yana rasa tirjiya tsakanin Kelbin 2 da 3.

Sakamakon da ya fi jan hankali ya fito ne daga Xiaoxiang Xi da Kin Fai Mak da Jie Shan na Pennsylvania. Sun tarar cewa idan aka bi da maganaɗisu ta kwancen fallen, yana jure ƙarfin da ya ninka iyakar da lissafi ya tsara fiye da sau shida. Dalilin haka shi ne, kowane elektron yana da ɗan maganaɗisu na kansa, kuma a cikin tagwaye ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa. Maganaɗisu na waje yana raba tagwaye ne ta hanyar juya su su fuskanci wuri ɗaya. A falle ɗaya kuwa, yanayin jerin zarrori da nauyin zarrar niyobiyam suna kafe waɗannan 'yan maganaɗisu a tsaye daram, sai ya zama wanda ya zo ta kwance ya kasa karkatar da su.

A ɓangaren maganaɗisu, shekarar 2017 ce mafari. Ƙungiyar Xiaodong Xu ta Jami'ar Washington tare da ta Pablo Jarillo-Herrero ta MIT suka nuna cewa falle ɗaya na haɗin kuromiyam da aidin maganaɗisu ne a ƙasa da Kelbin 45, alhali dunƙulensa yana zama haka tun daga Kelbin 61. Wannan bai saɓa wa lissafin 1966 ba, domin 'yan maganaɗisun wannan abu sun fi son tsayuwa a kan kwanciya, ba su da 'yancin da lissafin ya shardanta. A 2018 Yuan Cao da Jarillo-Herrero suka ɗora girafin biyu, suka karkata ɗaya da digiri 1.1, tirjiya ta ɓace a wajen Kelbin 1.7. A 2020 kuma masana a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan suka shimfiɗa falle ɗaya na maganaɗisun kuromiyam da buromin a kan NbSe2. Abokan gabar da Onnes ya kasa sasantawa sai ga su manne da juna, kuma ana nazarin kan iyakarsu saboda fatan amfani da ita wajen ƙera kwamfutar kwantam.

3.6 Abin da Tarihin Yake Nunawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa darajar niyobiyam ta riƙa hawa mataki-mataki, daga datti zuwa ƙarfen injin jirgi, zuwa wayar maganaɗisu, zuwa falle ɗaya, kuma kowane mataki ilimi ne ya kawo shi. Nijeriya ta tsaya a matakin buhu. Abin da ya rage wa Filato shi ne ɗaruruwan kududdufan da ba a cike ba, da juji mai ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Idan aka ɗauko majiyyaci daga Wagini ko Batsari ko Safana aka kai shi babban birni domin hoton MRI, kuma na'urar mai tesla 1.5 ce, to a cikin zoben wayar niyobiyam zai kwanta, ya biya kuɗi mai yawa saboda na'ura da ruwan hiliyam da aka sayo daga waje, alhali tsatson kakanninsa ne suka ɗauki kwanon ma'adinin.

Har yanzu akwai niyobiyam a duwatsun Filato da na Riruwai, kuma rububin litiyam da ya taso a jihohi irin su Nasarawa da Kaduna a 'yan shekarun nan ya yi kama da na kolambait na 1952. Haka kuma ya kamata a lura cewa aikin 2004 bai bukaci fiye da girafait da salatef da madubin ƙara girma da ƙwararrun hannuwa ba a matakinsa na farko. Abin da yake da tsada shi ne na'urar sanyi da wutar lantarkin da ba ta yankewa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, wadda take maƙwabtaka da Safana, tare da tsofaffin jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, suna iya haɗa ƙarfi a kan ɗakin sanyi guda ɗaya da kowa zai amfana da shi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an kawo tarihin ɓacewar tirjiyar lantarki daga 1911 zuwa 2020, an kuma nuna matsayin niyobiyam a cikinsa, tun daga waya har zuwa falle ɗaya. An bayyana yadda Arewacin Nijeriya ta riƙe kasuwar kolambait a shekarun 1950, da yadda Birazil ta karɓe ta saboda ta haɗa haƙa da sarrafawa. Babi na gaba zai duba yadda ake koyar da waɗannan darussa na fiziya a makarantun sakandaren yammacin Jihar Katsina, da kalmomin Hausa da malamai suke amfani da su wajen bayani.